Gwajin Hanta Sau Biyu, Maki Iri Biyu: Wanne Za a Ɗauka?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Ringim. Kawuna manomi ne mai shekara 52, an gano yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Mun yi masa gwajin jini a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da ke kusa da mu, aka samu albumin 37, bilirubin 28, AST 28, filatilet 150. Bayan kwana takwas muka kai shi Kano aka sake, sai ga albumin 33, bilirubin 36, AST 58, filatilet 140, INR 1.3. Da na saka lambobin a manhajar waya, tare da INR ɗin Kano a duka biyun, a makin nan biyu da ake kimanta ciwon hanta da su, sakamakon farko ya ba ni Child-Pugh A da APRI 0.47, na biyu kuma Child-Pugh B da APRI 1.04. Shi kuwa yana nan yadda yake, yana cin abinci, har gona yana leƙawa. Shin ciwon ne ya yi tsanani cikin kwana takwas, ko ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin ne ya yi kuskure? Na haɗo hoton takardun biyu."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba kawu lafiya, ya kuma saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kansa. Tambayarka ta ba ni zaɓi biyu, ko ciwo ya ƙaru ko wani ya yi kuskure, amma akwai na uku wanda a aikina na ɗakin gwaji ya fi su yawan faruwa, wato kowane ɗaki ya yi aikinsa daidai bisa hanyar da yake bi, sai dai hanyoyin ba ɗaya ba ne, kuma manhajar da ka saka wa lambobin ba ta san da haka ba. Duk wanda ya taɓa auna gero a kasuwar Gujungu ya kai shi Dawanau ya san buhu ɗaya yana iya ba da adadin kwano daban, ba don geron ya ragu a hanya ba, sai don kwanon awon kowace kasuwa da girmansa. Haka lambar da ke kan takardar gwaji take. Abu uku ne suka haɗu suka haife ta: halin da jinin mara lafiya yake ciki, irin wahalar da jinin ya sha kafin ya isa na'ura, da kuma sinadarin da aka auna shi da shi. Makin hanta kuwa lissafi ne kawai da aka ɗora a kan waɗannan lambobi, don haka duk karkatar da ke cikinsu tana bin su ta shiga cikinsa.

Inda waɗannan makin suka samo asali

Child-Pugh shi ne dattijo a cikinsu. Wasu likitocin fiɗa biyu a Amurka, Child da Turcotte, suka fara tsara shi a 1964, sannan Pugh da abokan aikinsa a Ingila suka gyara shi a 1973. Abu biyar yake dubawa: bilirubin (sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya idan ya taru), albumin (furotin ɗin jini da hanta ke ƙerawa), jinkirin daskarewar jini (wanda INR ke aunawa), taruwar ruwa a ciki, da rikicewar hankali da ciwon hanta ke kawowa. Kowanne ana ba shi maki ɗaya zuwa uku. Jimillar 5 ko 6 ita ce ajin A, 7 zuwa 9 ajin B, 10 zuwa 15 ajin C. Abin lura a nan shi ne iyakokinsa kamar katanga suke, ba su da gangare. Albumin da ya haura giram 35 a lita maki ɗaya ne, daga 28 zuwa 35 maki biyu. Bilirubin da bai kai maikiromol 34 a lita ba maki ɗaya ne, daga 34 zuwa 50 maki biyu. Kawu yana tsaye ne a gindin katangu biyu a lokaci guda: albumin ɗinsa ya sauko daga 37 zuwa 33, ya tsallake 35, bilirubin kuma ya tashi daga 28 zuwa 36, ya tsallake 34. Motsi kaɗan ne a kowanne, amma ya isa ya ɗauke shi daga maki 5 zuwa 7. Da a ce lambobinsa suna nesa da waɗannan iyakoki, da irin wannan bambanci bai canja masa aji ba, kuma da wataƙila ba ka ma lura ba. Ya kamata kuma in tuna maka cewa an yi Child-Pugh ne domin wanda aka riga aka tabbatar hantarsa ta ƙanƙance ta yi tauri, ba shi ne ake gano taurin da shi ba.

APRI kuwa, wanda aka wallafa a 2003, shi ne ya fi shafar aikinmu a karkara, domin AST (sinadarin da ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni) da filatilet (ƙananan ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa) kawai yake buƙata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi inda babu na'urar auna taurin hanta. A ƙa'idojinta na 2015 sai APRI ya haura 2 ake ɗaukar mutum a matsayin mai ƙanƙancewar hanta. A sababbin ƙa'idojin 2024 an sauko da iyakar sosai: sama da 0.5 alama ce ta tabo mai yawa a hanta kuma ya isa dalilin fara magani ga babban mutum mai nau'in B, sama da 1 kuma ana ɗaukarsa ƙanƙancewa. Ka ga ke nan 0.47 da 1.04 ba bambancin lissafi ba ne kawai. Ɗaya yana cewa a ci gaba da sa ido, ɗayan yana cewa a fara magani kuma a riƙa duba hantar saboda ciwon daji.

AST: lambar 12 da ke gefen takarda

Daga nan zan fara, domin a nan ne na ga abin da nake da tabbaci a kansa. A takardar farko, a gefen AST, an rubuta cewa iyakar lafiya ita ce 12. A ta Kano an rubuta 40. Wannan kaɗai ya nuna cewa hanyoyi biyu ne mabambanta. Iyakar 12 ita ce ake samu a takardar da ke zuwa cikin kwalin sinadarin tsohuwar hanyar nan ta Reitman da Frankel, wadda aka fito da ita a 1957 kuma har yau ƙananan ɗakunan gwaji da yawa a ƙasar nan suna amfani da ita, saboda arha ce kuma ba ta buƙatar babbar na'ura. Ana haɗa ruwan jini da sinadari, a ajiye shi a ruwan ɗumi na wani lokaci, a ƙara wani sinadarin da zai ba da launi, a auna duhun launin, sannan a duba jadawali a karanta adadin. Manyan na'urori kuwa suna bin saurin aikin AST ne kai tsaye, daƙiƙa bayan daƙiƙa, a zafin digiri 37, kuma a wannan hanya iyakar lafiya takan kasance wajen 35 zuwa 40.

Lissafin APRI shi ne a raba AST da iyakar lafiyarsa, a raba abin da aka samu da adadin filatilet, a ninka sau ɗari. Manhajarka ta ɗauki 40 da kanta a matsayin iyaka, shi ya sa 28 ya zame mata lamba mai kyau, ta ba ka 0.47. Alhali a ma'aunin ɗakin da ya yi gwajin, 28 ya ninka iyaka fiye da sau biyu. Idan ka saka 12 a gurbin 40, abin da zai fito shi ne 1.56. Ba ina cewa ka ɗauki 1.56 a matsayin gaskiya ba, domin iyakokin APRI ba a kan wannan tsohuwar hanya aka gina su ba, kuma hanyar ba ta bin ƙaruwar AST daidai idan ya yi yawa. Abin da nake cewa shi ne 0.47 ba shi da tushe ko kaɗan, kuma idan aka karanta kowace takarda da ma'auninta, duka biyun abu ɗaya suke faɗa: AST ɗin kawu ya haura iyaka, APRI ɗinsa kuma ya wuce 0.5 nesa.

Na taɓa ganin irin wannan a wani asibiti da na yi aiki, amma ta fuskar da ta fi muni. An sayo mana sabuwar na'ura, muka koma sabuwar hanya, sai dai takardun rubuta sakamako da aka buga da yawa tun da can suna ɗauke da tsohuwar iyaka. Makonni muka yi likitoci suna ganin AST 30 kusa da iyakar 12, suna tsorata mutanen da hantarsu lafiya lau take, kafin wani likita ya zo ya tambaye mu me ya sa kowa a garin ya kamu da ciwon hanta a wata ɗaya. Tun daga ranar ba na barin a canja sinadari ba tare da an canja takarda ba.

Ko a tsakanin manyan na'urori akwai saura bambanci. AST da ɗan'uwansa ALT, wanda shi ma ake aunawa a gwajin hanta, suna buƙatar wani sinadari da jiki ke samu daga bitamin B6 kafin su yi aiki. Wasu kamfanoni suna zuba shi a cikin maganin gwajin, kamar yadda ƙungiyar masana kimiyyar gwaji ta duniya ta tsara, wasu kuma ba sa zubawa. Inda ba a zuba ba sakamako yakan fito ƙasa, musamman ga wanda jikinsa ke da ƙarancin wannan bitamin. Wannan yana shafar FIB-4 ma, wani makin kimanta tabon hanta wanda aka wallafa a 2006, domin shi shekaru da AST da ALT da filatilet yake haɗawa.

Albumin: rini biyu, amsa biyu

Kusan duk ɗakunan gwaji suna auna albumin ne da rini. Akwai kore, wanda ake taƙaita sunansa da BCG, kuma ba shi da wata alaƙa da allurar tarin fuka da muke yi wa jarirai sai kamar suna, akwai kuma mai launin shunayya da ake kira BCP. Idan rinin ya manne wa albumin sai launinsa ya canja, na'ura ta auna canjin. Matsalar koren ita ce ba albumin kaɗai yake mannewa ba. Idan aka ba shi lokaci yana kama wasu furotin na jini da ake kira gulobulin, musamman irin waɗanda suke ƙaruwa idan jiki yana fama da kumburi ko wata cuta, sai a lissafa su duka a matsayin albumin. Saboda haka koren yakan ba da lamba sama da gaskiya da 'yan giram, kuma kuskuren ya fi girma ne daidai inda ya fi cutarwa, wato ga mara lafiyar da albumin ɗinsa ya riga ya yi ƙasa. Na shunayya ya fi tsayawa a kan albumin kaɗai, ko da yake shi ma an san yana ba da lamba ƙasa da gaskiya ga masu wankin ƙoda.

Albumin yana kama koren rini nan take, gulobulin kuwa a hankali suke kamawa. Babbar na'ura tana karantawa cikin ƙasa da minti ɗaya, kafin su shiga. Amma wanda yake aiki da hannu, ya jera kwalabe goma sha biyar a kan tebur, ya zuba rini a duka, sannan ya fara karanta su ɗaya bayan ɗaya, kwalbar ƙarshe za ta iya yin minti goma tana jira, idan kuma wuta ta ɗauke aka tsaya tayar da janareta, abin ya wuce haka. Don haka ko da ɗakunan biyu kore suke amfani da shi, na hannu yana iya fin na na'ura. Takardun kawu ba su faɗi rinin da aka yi amfani da shi ba, kuma wannan ita ce al'adar yawancinmu, wadda nake ganin ya kamata mu sauya.

Akwai dalilin da ya sa nake karkata ga cewa giram huɗun nan daga awo suka fito, ba daga hanta ba. Albumin yana daɗewa a jini, sai an yi kusan mako uku kafin rabinsa ya ƙare. Hantar da ta ɗan rage ƙera shi ba za ta sa ya faɗi haka cikin kwana takwas ba ga mutumin da yake cin tuwonsa yana zuwa gona. Abin da ke saukar da shi da sauri shi ne zazzaɓi mai tsanani, ko cutar da ta shiga jini, ko ƙarin ruwa da yawa, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙishirwa tana ɗaga shi, haka ma idan aka ɗaure dantse aka daɗe ana neman jijiya, haka idan aka ɗebi jinin mutum yana zaune bayan doguwar tsayuwa maimakon yana kwance. Manomin da ya taho daga gona da rana tsaka aka ɗebi jininsa ba daidai yake da wanda ya kwana ya huta ba.

Makin da wannan ya fi yi wa illa shi ne ALBI, wanda aka wallafa a 2015 domin masu ciwon dajin hanta, kuma albumin da bilirubin kaɗai yake amfani da su. A lissafinsa kowane giram ɗaya na albumin yana motsa maki da 0.085, alhali sai bilirubin ya ninka sau goma kafin ya motsa shi da 0.66. Wato giram takwas na albumin sun yi nauyin ninkuwar bilirubin sau goma. Na lissafa na kawu: takardar farko ta ba da −2.19, ta biyu −1.78. Duka suna aji na biyu, wanda ya faro daga sama da −2.60 zuwa −1.39, amma cikin tazarar 0.41 da ke tsakaninsu, 0.34 daga albumin ta zo. Mutumin da bilirubin ɗinsa yake 20 kuma albumin 42 yana aji na ɗaya da −2.71, idan wani ɗakin ya karanta masa 38 ya koma aji na biyu da −2.37, alhali ko gashin kansa bai canja ba.

Bilirubin da tafiyar da jini ke yi

Hanyar da aka fi bi wajen auna bilirubin ita ce ta Jendrassik da Grof ta 1938 da 'ya'yanta, inda ake haɗa shi da wani sinadari ya ba da launi. Akwai bambanci tsakanin kamfanoni a yadda suke daidaita na'urorinsu, amma a karkara abin da ya fi damuna ba shi ne wannan ba, hasken rana ne. Haske yana lalata bilirubin, kuma wannan ne ma ya sa ake sa jariri mai shawara a ƙarƙashin fitila. Abin da fitila ke yi a fatar jariri shi rana ke yi a cikin kwalba. Na sha karɓar jini da aka ɗauko daga ƙauye a farar leda, an rataye ta a hannun babur, an yi tafiyar awa biyu a zafin watan Afrilu. Irin wannan jini bilirubin ɗinsa ya ragu kafin ya iso. Zafi da girgizar hanya kuma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa cike suke da AST, sai ya zube cikin ruwan jinin ya ɗaga lambar, jan launin kuma ya dagula karatun bilirubin ɗin kansa. Ka tambayi kanka inda aka ɗebi jinin farko, awa nawa ya yi kafin a tace shi, da kuma a cikin me aka ɗauke shi. Naɗe kwalba da takarda mai kauri, a sa ta cikin akwatin sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba, ya isa ya kawar da rabin wannan matsala.

Sai kuma ma'auni. Wasu suna rubuta bilirubin da miligiram a desilita, wasu da maikiromol a lita, kuma miligiram ɗaya daidai yake da maikiromol 17.1. Takardun kawu duka maikiromol ne, don haka ba wannan ba ne matsalarsa, amma na ga an saka 28 a gurbin miligiram, manhaja ta fitar da makin mutumin da ke bakin mutuwa.

Filatilet, da abin da ya keɓanta da yankinmu

Tsakanin 150 da 140 ba wani bambanci ba ne, na'ura ɗaya ma tana iya ba da haka a jini ɗaya. Sai dai tunda filatilet ne ke ƙasan lissafin APRI da FIB-4, duk abin da ya rage shi yana ɗaga maki. Ga wasu mutane sinadarin da ke cikin kwalba mai murfin shunayya yana sa filatilet su dunƙule, na'ura ta kasa ƙirga su, ta ba da lamba ƙasa ƙwarai, kuma shafa jinin a gilashi a duba da madubin ƙara girma shi ke warware wannan. Ƙananan na'urori da ke rarrabe ƙwayoyi ta girmansu kuma suna iya ɗaukar ƙananan jajayen ƙwayoyi a matsayin filatilet, abin da ke faruwa ga masu ƙarancin jini sosai.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu shi ne cututtukan da ke taɓa lambobin ba ta hanyar taurin hanta ba. Zazzaɓin cizon sauro yana saukar da filatilet, yana ɗaga AST da bilirubin, don haka APRI da aka lissafa da damina ga mutumin da ke cikin zazzaɓi ko bai daɗe da tashi ba, ba abin dogaro ba ne. Mai sikila yawanci bilirubin da AST ɗinsa suna sama saboda fashewar jini. Manoman rani da masunta a wuraren ban ruwa irin su Kadawa da fadamun Haɗeja kuma suna haɗuwa da tsargiya, wadda nau'inta na hanji yake sa tabo a jijiyoyin hanta, saifa ta kumbura ta riƙe filatilet, alhali ƙwayoyin hantar suna aikinsu. Waɗanda suka tsara makin nan ba a kan irin marasa lafiyarmu suka gina su ba, shi ya sa nake so ka gaya wa likita idan kawu yana noman rani ko ya yi zazzaɓi kwanan nan.

INR da kiriyatinin

Ba ka lissafa MELD ba, wani makin auna tsananin ciwon hanta, amma idan ciwon ya yi nisa za ka ji likitoci suna ambatonsa. An tsara shi a asibitin Mayo na Amurka a 2000, kuma daga 2002 da shi ake jera masu jiran dashen hanta a can. Bilirubin da INR da kiriyatinin (gwajin aikin ƙoda) yake haɗawa, daga baya aka ƙara sodiyam a 2016, sabon tsarin da suka koma kansa a 2023 kuma ya shigo da albumin da jinsi.

INR shi ne ya fi nauyi a cikinsa, kuma shi ne ya fi rauni. An ƙirƙire shi a 1983 domin masu shan maganin tsinka jini na warfarin, saboda sakamakonsu ya zama ɗaya ko da wane sinadari aka yi gwajin. Lambar gyara da ke jikin kowane kwalin sinadari, wadda ake kira ISI, da jinin masu shan warfarin aka fitar da ita. Mai ciwon hanta kuwa yanayin ƙarancin sinadaran daskarewar jininsa daban ne, don haka gyaran ba ya zama daidai a kansa, kuma bincike ya nuna jini ɗaya yana ba da INR mabambanta a ɗakuna daban-daban, bambancin kuma yana ƙaruwa yayin da INR ke hawa. Idan wani ɗaki ya ce 1.5 wani ya ce 2.0, MELD ya motsa da maki uku. Ga kuma namu kurakuran: kwalba mai shuɗin murfi dole a cika ta zuwa layi, domin kashi tara na jini ake so a kan kashi ɗaya na sinadari, idan ba ta cika ba lokacin daskarewa yana tsawaita. Sannan duk sanda aka buɗe sabon rukunin sinadari sai an saka sabon ISI a na'ura, an kuma sake fitar da matsakaicin lokacin daskarewar jinin masu lafiya, abin da ake yawan mantawa. INR ɗin kawu 1.3 yana nesa da iyakar 1.7 ta Child-Pugh, don haka a yanzu wannan bai shafe shi ba.

Kiriyatinin kuma yawancinmu da hanyar Jaffe muke auna shi, wadda ta samo asali tun 1886. Bilirubin mai yawa yana sa wannan hanya ta karanta ƙasa da gaskiya, wato mai shawara sosai, wanda ƙodarsa ta fi shiga haɗari, shi ne za a ga kamar ƙodarsa lafiya take. Idan gaskiyar 1.6 ce aka karanta 1.2, MELD ya ragu da kusan maki uku. Wata hanyar, wadda ke amfani da sinadaran da ake kira enzayim, ta fi jure wannan, amma ta fi tsada. Ko da awon ya yi daidai, mai ciwon hanta da ya rame ba shi da tsokar da za ta samar da kiriyatinin da yawa, don haka lambar da ta yi kyau a takarda ba ta wanke ƙodarsa ba.

Abin da nake ba ka shawara

A ganina, mafi yawan bambancin da ka gani daga hanyar awo ne, kuma sakamakon Kano ya fi dacewa da manhajarka, ba don birni ya fi ƙauye ba, sai don hanyarsa ta fi kusa da wadda aka gina makin a kanta. Amma kada wannan ya kwantar maka da hankali fiye da kima, domin ma'anarsa ita ce takardar da ta fi tayar da hankali ita ce ta fi kusa da gaskiya. Kawu bai tsananta cikin kwana takwas ba, sai dai da alama tun farko bai kai lafiyar da 0.47 ya nuna ba. Da APRI sama da 1, da albumin a ƙasa-ƙasa, da filatilet a bakin iyaka, ya cancanci ganin likitan hanta ba tare da jinkiri ba, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, duk wanda ya fi muku sauƙi. A yi masa hoton ciki, a auna taurin hanta idan akwai na'urar, a gwada shi cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C kafin a fara magani, a kuma duba ƙodarsa tunda tenofobir, maganin da aka fi bayarwa, ta ƙoda yake fita. Matarsa da 'ya'yansa su ma a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.

Daga yanzu ku zaɓi ɗakin gwaji ɗaya ku tsaya a kansa, domin abin da likita ke nema shi ne inda lambobin suka dosa cikin watanni, kuma ba a gane haka idan ana sauya kwanon awo. A riƙa ɗibar jinin da safe, yana cikin hutu, ba cikin zazzaɓi ba. Ka tambayi ma'aikacin ɗakin, cikin girmamawa, wane rini suke auna albumin da shi, wace hanya suke bi a AST, kuma ko suna gwada ruwan jinin tabbatarwa da kamfani ke kawowa kafin su fara aikin yini. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Duk lokacin da lamba ta faɗo kusa da iyakar da za ta canja magani, a maimaita kafin a yanke hukunci. A kuma tambayi kawu a hankali ko yana shan wani jiƙo ko sassaƙe, domin da yawa ba sa faɗa sai an tambaya, kuma wasunsu suna ɗaga AST.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ba likita ba, kuma takarda na gani, ban ga kawu ba. Biyu daga cikin abubuwa biyar na Child-Pugh ma ba a jini ake ganinsu ba, sai an taɓa ciki an kuma zauna an yi magana da mutum. Idan kafin ranar ganin likita ka ga cikinsa ko ƙafafunsa sun fara kumbura, ko idonsa ya yi rawaya, ko barcinsa ya juye yana yi da rana yana farkawa da dare, ko ya fara rikicewa a magana, ko ya yi aman jini ko baƙin bahaya, kada ku tsaya neman gwaji na uku, ku kai shi asibiti a ranar.